Maigida Zai Tafi Aikin Bishara Ƙetare: Shirin Mai Tafiya da Shirin Mai Zama

A sanarwar ranar Lahadi maganar takan fito. Ana neman mutum shida ko goma da za su je aikin bishara na mako biyu a Nijar, ko arewacin Benin, ko wani zango a Ghana. Wani lokaci nas ake nema, wani lokaci magini ko kafinta da zai ɗora rufin majami'a, wani lokaci kuma wanda zai yi wa baƙi Turawa tafinta. Mutum ya ɗaga hannu cikin zafin wa'azi, sai a hanyar komawa gida ya tuna akwai wadda bai shawarta ba.

Mu a ƙasar Zuru da Yauri mun tashi da labarin cewa 'yan mishan zuwa suke yi mana. Mutum uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Legas a 1893, kuma mishan ɗin da ya haifi ikilisiyar UMCA ya iso ƙasar Zuru a shekarun 1920. Amma aikawa ma ba baƙuwarmu ba ce: EMS, reshen bishara na ikilisiyar ECWA, ta fara tun 1948, ƙungiyar bishara ta CAPRO kuma a 1975. Abin da yake sabo shi ne wannan tafiya ta ɗan lokaci, wadda ƙungiyoyi irin su YWAM, da aka kafa a 1960, suka yaɗa. Mai tafiyar shekara biyar da iyalinsa yake tashi. Mai tafiyar mako biyu kuwa shi kaɗai yake fita, ya bar gida a hannun abokiyar zama, kuma ba kasafai ake shirya wa wadda aka bari komai ba. Zan yi magana kamar maigida ne mai tafiya, domin haka ya fi faruwa, amma duk abin da ke nan ya shafi gidan da uwargida ce za ta fita tare da zumuntar mata ko tawagar asibiti.

Mataki na farko: yarda, kafin a rubuta suna

Idan Fasto ya riga ya karanta sunan mutum a gaban jama'a, to matar ba ta da sauran ta cewa. In ta ce a'a, ta zama wadda ta hana aikin Allah. In ta ce to, ta ce shi ne da ƙulli a zuci. Don haka maganar farko a ɗaki ake yinta, bayan yara sun kwanta, kuma da tambaya ake farawa ba da sanarwa ba. "Uwargida, an kawo wata magana a ikilisiya, ina so in ji ra'ayinki kafin in amsa." Wannan ya bambanta ƙwarai da "Allah ya kira ni, ran goma ga wata zan tashi."

Bulus da kansa, a 1 Korantiyawa 7:5, ya sa sharaɗi biyu ga ma'auratan da za su nisanci juna saboda addu'a: su yarda su biyu, kuma ya zama na ɗan lokaci. In har addu'a tana bukatar yardar abokin zama, to ƙetare iyakar ƙasa fa?

Ke kuma da ake shawarta, kada ki tsaya a "duk yadda ka gani, Maigida." Faɗi abin da ke damunki da sunansa. Tsoron hanya ne? Kuɗin makarantar yara ne? Tsohuwa ce ba ta da lafiya kuma ke kaɗai za ki yi jinya? Ko kuwa akwai wani a cikin tawagar da hankalinki bai kwanta da shi ba? Kowanne da maganinsa, amma sai an fito da shi. Akwai kuma lokutan da, a ganina, amsar ita ce a bari sai wata shekara, ba tare da jin kunya ba: ciki ya tsufa, ko jariri bai yi arba'in ba, ko ana cikin rigimar aure da ba a warware ba. Tafiyar bishara ba ta gyara aure mai tsami. Mutum yakan dawo ya tarar da matsalar inda ya barta, ta ƙara da haushin an gudu an bar wani da ita.

Bayan kun daidaita ku biyu, sai a sanar da iyaye na ɓangarori biyu. Surukai su ji daga bakinku, kada su ji a kasuwa.

Mataki na biyu: wa ya gayyace ku, kuma me za ku je yi?

Nan ne nake so a ɗan daɗe, domin yawancin tafiye-tafiyen da suka lalace tun daga nan suka lalace.

Tawagar kirki tana da mai aikawa da mai karɓa. Mai aikawa ita ce ikilisiyarku ko hukumar bishara ta ɗarikarku, kamar yadda ikilisiyar Antakiya ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su a Ayyukan Manzanni sura 13. Mai karɓa kuma ikilisiya ce ko asibiti ko makaranta da take can tun kafin ku zo, za ta kuma ci gaba bayan kun tafi. A Nijar akwai ikilisiyar EERN wadda ta fito daga aikin SIM, akwai asibitin Galmi da ke aiki tun 1950 a gabas da Birnin Ƙonni, akwai cibiyar Danja kusa da Maraɗi. Wurare irin waɗannan suna da tsarin karɓar baƙi, kuma ba sa son a faɗo musu ba sanarwa.

Ku nemi takardar gayyata mai ɗauke da sunan ikilisiyar, hatimi, ranakun zuwa da komawa, da lambar wayar mai masauki. Sannan wani dattijo ya kira lambar ya yi magana da mutumin baki da baki. Wanda kuka sani a Facebook kaɗai, yana turo hotunan marayu yana cewa ku zo da kuɗin gini, ba mai masauki ba ne sai ɗarikarsa ta shaide shi. Haka kuma duk wanda ya ce a tura kuɗin tafiya cikin asusunsa na kansa, a ce masa asusun ikilisiya ake so, da rasit.

Tambaya mafi nauyi ita ce wadda ake jin nauyin yi: me za mu yi a can wanda mutanen wurin ba za su iya yi da kansu ba? Likitan ido ko nas mai gogewa amsarsu a fili take. Malamin da zai koyar da masu bishara na ƙauye mako guda da Hausa, shi ma haka. Amma mutum goma su kashe kuɗin mota da abinci don su je su shafa wa majami'a fenti, alhali a garin akwai matasa masu neman aikin yini, wannan lissafi bai fita ba. Sau da yawa kuɗin tafiyar tawaga ɗaya zai riƙe mai bishara ɗan ƙasa watanni da dama. Ban ce kada a je ba, domin zuwa da kai yana ƙulla zumuncin da saƙo ba ya ƙullawa. Na ce ne a tambayi mai masauki abin da yake bukata, a kuma saurari amsarsa ko da ba ta yi wa tawaga daɗi ba.

Ke mai zama, kina da hakkin sanin shugaban tawaga, yawan mutanen, inda za su kwana, da ko maza da mata masauki daban aka tanadar musu. Tambayar nan ba zargi ba ce.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Gidan manomi ba ya sallamar namiji daga faɗuwar ruwa zuwa noman biyu, kuma ba ya sallamarsa lokacin yankan dawa a Nuwamba da Disamba. Janairu da Fabrairu sun fi sauƙi: amfani ya shiga rumbu, hanyoyin ƙauye sun bushe, zafi bai taso ba. Sai dai kuɗin makaranta na zango na biyu a Janairu yake faɗowa, kuma lokacin sanƙarau ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Nijar yakan haura digiri 40, mai hawan jini ya yi tunani sau biyu. Malamin makaranta ya bi hutu. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutu da izinin fita ƙasa a rubuce, ya ajiye kwafin amsar a gida, kada ya dogara da "je ka, zan rufe maka" na shugaban ofis.

Mataki na huɗu: takardu

A fara da su wata uku kafin tafiya.

Fasfo dai ana nemansa a ofishin shige da fice na Birnin Kebbi, ko na Gusau ga mutanen Zamfara, bayan an cike takarda an biya ta intanet. Daga 1 ga Satumba 2025 kuɗinsa ya koma naira 100,000 ga mai shafi 32 na shekara biyar, da naira 200,000 ga mai shafi 64 na shekara goma. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa tsakanin NIN da sauran takardu. Da yawa cikinmu muna da sunan baftisma, da sunan gida, da sunan uba da aka rubuta iri biyu. A duba wannan tun yau, domin gyaran NIN yana cin makonni.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba biza, kuma akwai takardar tafiya ta ECOWAS mai araha wadda take aiki shekara biyu. Ga Benin, Togo da Ghana wannan yana nan. Amma Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Ƙasashen uku sun ce 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, duk da haka abin da aka faɗa a babban birni daban, abin da jami'in kan iyaka zai ce da kai da rana tsaka daban. Mai zuwa Nijar ya riƙe cikakken fasfo, kuma mai masauki ya tabbatar da halin da iyaka take ciki a makon tafiyar.

Kada a bi hanyar daji da babur don gudun shinge, ko da direba ya ce kowa haka yake yi. A tsaya a buga hatimin fita da na shiga. Mai bishara da aka kama a ƙasar mutane ba hatimi ya jawo wa ikilisiyar da ta gayyace shi masifa, kuma ita za ta zauna da ita bayan an kore shi.

Kowace takarda a yi mata kwafi uku: ɗaya a jakar mai tafiya daban da ta asali, ɗaya a hannun uwargida, ɗaya a ofishin ikilisiya. A kuma ɗauki hotonsu a waya.

Mataki na biyar: lafiya

Katin allurar rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kat, shi ake fara tambaya a iyaka. Ana yin rajista a biya ta intanet, sannan a je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, irin na Abuja ko Kano, a yi allura a karɓi kati. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allurar, don haka ba abin ranar jajibiri ba ne. Tun Yuli 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu sayar da kati ba allura suna nan a tasha, kuma wanda ya saya ya sayi takarda ne kawai, sauro ba ya karatu. Mai ciki da mai raunin garkuwar jiki su ga likita tukuna, domin ba kowa ake yi wa wannan allura ba.

Sanƙarau kuwa ba sai an yi wa mutumin Zamfara ko Kebbi bayani ba. Annobar 2017 daga Zamfara ta taso. Nijar da arewacin Benin da arewacin Ghana duk cikin yankin cutar suke, kuma tawaga takan kwana mutum takwas a ɗaki ɗaya cikin hunturu, taga a rufe. A tambayi asibiti allurar rigakafinsa.

A jaka a sa gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro cikakken zubi ɗaya, gishirin ORS, da Paracetamol. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai kai shi ninkin kwanakin tafiyar, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada a karɓi saƙon magani na wani, balle Tramadol ko maganin tari mai kodin. Waɗannan kurkuku suke kai mutum. Ruwan sha a tafasa ko a sayi na roba mai hatimi. Wanka a kogi ko tafki a haƙura da shi saboda tsargiya.

Mataki na shida: kuɗi, na hanya da na gida

Lissafi biyu ake yi, kuma na gida ake fara cikawa. Gargaɗin 1 Timoti 5:8 game da wanda bai kula da iyalinsa ba bai ware masu tafiya bishara ba.

Ku zauna da takarda ku rubuta abin da gida yake ci a mako: cefane, niƙa, itace ko gas, ruwa, kuɗin mashin na yara, katin waya. Ku ninka da yawan makonnin, ku ƙara mako guda, domin mota takan lalace, iyaka takan rufe. Ku ware wani abu daban na asibiti. Kuɗin nan a hannunta zai kasance ko a asusunta, ba a hannun ƙanen miji da za ta riƙa aika yaro wurinsa kullum ba. Idan albashi zai shigo bayan ya tafi, ta san yadda za ta cire shi.

Kuɗin tafiyar kansa kada ya fito daga kuɗin makaranta, ko irin shuka, ko kwasar adashen uwargida, sai dai in ita ce ta miƙa da ranta. Bashi da ruwa don tafiyar bishara ba bangaskiya ba ce. Idan ikilisiya za ta yi baiko na musamman, ma'aji ya karɓa ya rubuta. Idan 'yan'uwa ne suka tallafa, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, domin za a koma musu da rahoto. In ranar da aka tsayar ta zo kuɗi bai cika ba, a ɗage.

Nijar, Benin da Togo sefa ɗaya suke ci, ta Afirka ta Yamma. Ta Chadi da Kamaru daban ce, ko da yake darajarsu ɗaya, kuma ɗan kasuwa ba zai karɓi wata a madadin wata ba. Ghana kuwa sidi. A canja wani abu tun daga gida ko a Kamba, garin kan iyaka, wurin ɗan canjin da aka sani, a nemi ƙananan takardu. A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce: in an ce dala ashirin ana nufin sefa 100, dala ɗari 500, jika kuma 1,000. Baƙo da bai san wannan ba yakan yi ciniki a kan farashin da bai fahimta ba. Kada a dogara da katin banki na naira. A raba kuɗi wuri biyu ko uku a jiki, ma'ajin tawaga kuma ya riƙe littafi.

Mataki na bakwai: miƙa gida

Kowane gida yana da ayyukan da mutum ɗaya ne ya san su. Shi ya san wanda ake bin bashin taki da wanda ke binsa, ya san mai gyaran famfo, ya san ranar allurar awaki. Duk a rubuta a littafi ɗaya. In uwargida ce mai tafiya, jerin ya fi tsawo, kuma maigida ya zauna ya koya da gaske: wane yaro ne ke shan magani, wa ke kitso ranar Asabar, me ƙaramin ba ya ci. Kada a ɗauko 'yar shekara goma sha biyu a ɗora mata girki da reno har ta rasa makaranta. In za a kira ƙanwa ko inna ta zo ta taya, su biyun su zaɓe ta tare.

A sa mutum biyu da za a iya bugawa ƙofa da tsakar dare, ɗaya maƙwabci mai abin hawa, ɗaya daga ikilisiya. Nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: ziyarar gidan da miji ba ya nan aikin zumuntar mata ne, ko dattijo tare da matarsa. Namiji shi kaɗai yana zarya da sunan duba iyali, ko da zuciyarsa fari fat, ya ba unguwa abin magana.

Sai maganar da ba a son yi. Idan wani abu ya faru, wa za a fara kira? Wa zai yi magana da hukuma? Ina takardun fili da na gida? Mutum ya rubuta wasiyya a taƙaice, ya sa hannu gaban shaidu biyu, ya bar kwafi wurin Fasto. Wasu za su ce wannan kiran mutuwa ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda dangin miji suke yi da gwauruwa a kan gona ba zai faɗi haka ba.

Yara a gaya musu gaskiya daidai shekarunsu, a nuna musu ranar dawowa a kalanda. A kuma ja musu kunne kada su riƙa shela a waje cewa Baba ya tafi ƙasar waje.

Mataki na takwas: hanya da tsaro

Sau da yawa ɓangaren da ya fi haɗari yana cikin gida Najeriya. Mutanen Danko-Wasagu da Sakaba, da duk wanda ke bin hanyoyin Zamfara, sun san haka, ga kuma 'yan bindigar Lakurawa a arewacin Kebbi. Ƙa'idar ɗaya ce: a tashi bayan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya, a tambayi direbobin tasha labarin hanya a safiyar. Mota mai rubutun ikilisiya a jiki da tawaga cikin riga iri ɗaya suna kyau a hoto, amma a hanya talla ce.

Daga Kebbi ƙofofin da aka fi bi su ne Kamba zuwa Gaya ga mai shiga Nijar, da Tsamiya zuwa Segbana ga mai shiga Benin ta ƙasar Bagudo. Mai nufin Ƙonni, Galmi ko Maraɗi ya fi sauƙi ya bi Sakkwato ya fita ta Illela. Tun juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 al'amuran iyakokin nan suke canjawa. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, amma gadar Gaya da Malanbil, wadda ta haɗa Nijar da Benin, ta daɗe a rufe, don haka kada a tsara shiga Benin ta Nijar. Yankin Tillaberi da kewayen dajin W, inda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗu, ba wurin tawagar baƙi ba ne, kome ƙarfin kiran da mutum yake ji. An taɓa sace wani ɗan mishan Ba'amurke a Abalak ta Nijar a 2016, bai samu kansa ba sai 2023.

A can, maganar mai masauki ita ce doka. Kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, kuma Kiristocin ƙasar ba su manta da ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a Janairu 2015 ba. Su suka san inda za a yi magana da inda za a yi shiru. A fara da gaisuwar mai gari. Kada a kafa lasifika a fili sai mai masauki ya ce an samu izini. Kada a zagi addinin kowa, kada a shiga gardamar siyasar sojoji da Faransa da ECOWAS ko da an ja mutum. Kada a ɗauki hoton soja, shinge ko gada. Hoton wanda ya karɓi bangaskiya kuma kada ya hau Facebook ko WhatsApp. Kai za ka koma Zuru, shi zai kwana cikin danginsa.

Ke ma a gida haka. Roƙon addu'a a zumunta ya isa a ce suna hanya. Sunan gari da ranar wucewa a bar su sai sun dawo.

Mataki na tara: kwanakin da ba ya nan

A tsayar da lokacin waya tun kafin tafiya, misali bayan cin abincin dare. Nijar da Benin agogonsu ɗaya da namu, Ghana da Togo suna bayanmu da awa ɗaya. Layin gida yakan ci kuɗi sosai a waje, gara mai masauki ya taimaka a sayi layin ƙasar da fasfo. Mafi muhimmanci shi ne ku yarda a kan ma'anar shiru: a ƙauye babu sabis, babu wutar caji, saboda haka kwana ɗaya ba kira ba abin tashin hankali ba ne. In ya kai kwana biyu, ki kira shugaban tawaga, sannan mai masauki, sannan Fasto, a jere haka. Lambobin su kasance a rubuce a takarda, da lambar ƙasa a gaba: +227 Nijar, +229 Benin, +233 Ghana.

A waya, mai tafiya ya fara tambayar gida kafin ya shiga labarin mutum nawa suka fito gaba suka karɓi bangaskiya. Mai zama kuma kada ta ɓoye babban abu, kamar an kwantar da yaro a asibiti, da sunan kada ta ɗaga masa hankali. Ƙananan rigingimu su jira.

Za ki iya jin haushi a mako na biyu, musamman in ana ta yabonsa daga bagade ke kuma kina fama da yaro mai zazzaɓi da tukunyar gas da ta ƙare. Ba zunubi ba ne, gajiya ce. Ki gaya wa wata babbar mace da kika amince da ita. Ikilisiya ma ta tuna hukuncin Dawuda a 1 Sama'ila 30:24, inda ya daidaita rabon waɗanda suka je yaƙi da na waɗanda suka zauna gadin kaya. A ranar sallama a kira ma'auratan su biyu gaba a yi musu addu'a, kuma a cikin kasafin tafiyar a sa mudun hatsi da ziyara ga gidajen da aka bari.

Mataki na ƙarshe: dawowa

Daren farko da yinin da ke biye na iyali ne. Masu zuwa barka da dawowa za su cika gida, amma rahoton majami'a ya jira Lahadi. Ya ji yadda aka yi a bayansa tukuna, kuma kada ya shigo yana warware shawarwarin da ta yanke. In ta sayar da akuya don biyan asibiti, godiya ce tata.

Wasu sukan dawo da wani irin zafin rai. Sun ga talaucin da ya fi nasu, ko ikilisiyar mutum goma sha biyu a ƙarƙashin rumfa, sai komai na gida ya zama almubazzaranci a idonsu, har su fara maganar ajiye aiki su koma can gaba ɗaya. A saurare su, amma kada a yanke wata babbar shawara sai an yi wata uku. Idan kiran na gaske ne zai kai lokacin, sannan a bi ta hukumar bishara, da horo, da yardar iyali duka.

Duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a je asibiti a yi gwaji, a gaya wa likita ƙasar da aka je. Ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya kuwa ba a kwana da su.

Cikin mako biyu ma'ajin tawaga ya kawo lissafi da rasit gaban dattawa, ragowar kuɗi ya koma asusun bishara, waɗanda suka tallafa kuma a bi su ɗaya bayan ɗaya da godiya da bayanin abin da aka yi. Bulus da Barnaba ma da suka koma Antakiya sai da suka tara ikilisiya suka ba da rahoto. Alkawuran da aka yi a can, na kwanon rufi ko kuɗin makarantar wani yaro, a rubuta su a kai wa dattawa, kada su zama bashin da zai riƙa fita daga tukunyar gida a ɓoye. Sannan a rubuta wa mai masauki a tambaye shi kai tsaye: baɗi mutane yake so a sake turowa, ko mutum biyu masu sana'ar da ya ambata, ko kuɗin motar a aika masa ya ɗauki ma'aikaci a can.